Baburan da ke jiran masu su a Kontagora: Abin da ke kashe batir, da yadda ake renonsa

A duk lokacin da hutun Sallah ya gabato, tashoshin mota na Zuba da Suleja kan cika da ma'aikatan tarayya masu haramar komawa gida, ciki har da 'yan asalin Kontagora da ke da doguwar tafiya a gabansu ta Minna da Zungeru da Tegina. Da yawansu suna da abu guda da ke jiransu a zaure ko a ƙarƙashin rumfar gida, wato babur da aka lulluɓe da tsohon zane tun ranar da suka koma bakin aiki. Abin da kan biyo baya sananne ne a irin waɗannan gidaje: a kaɗe ƙura, a murɗa makulli, a danna sitata, babur ya yi shiru. Batirin da aka saya sabo watanni kaɗan da suka wuce ya mutu, alhali ko ƙofar gida babur ɗin bai leƙa ba.

Nan da nan akan ɗora laifin a kan mai shago, ko a ce jabun kaya sun cika kasuwa. Wani lokaci hakan ne. Sai dai a mafi yawan lokuta zaman da babur ya yi shi ne ajalin batirin, domin batir irin na dalma da asid ya fi daɗewa a jikin babur mai zirga-zirga kullum fiye da wanda aka jingine.

Lamarin ya wuce a kira shi ƙaramar ɓarna. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi a Abuja daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500 cikin 'yan kwanaki, kafin daga bisani ta haura N1,000 a 2024. Wannan ya rage yawan zuwa gida ga ma'aikata da dama, ya kuma ƙara wa babur daraja a kan mota wajen hidimar yau da gobe. Ga wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, ko abin da ya ɗan ɗara haka, sayen batir a kowane zuwa gida giɓi ne da ake ji a jika. Uwa uba, a gidaje da yawa wannan babur shi ne abin da za a nufa da tsakar dare idan naƙuda ta tashi ko jikin dattijo ya motsa.

Yadda zama ke cin batir

Batirin da ke jikin akasarin baburan da ake hawa a Kontagora, daga Bajaj Boxer zuwa Jincheng da ƙananan roba-roba, jika ne ga wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne ɗauke da faifan dalma da aka tsoma a ruwan asid, kowanne kuma yana bayar da ɗan abin da ya haura bolt 2. Shi ya sa batirin da ake kira mai bolt 12, idan ya cika taf ya huta, mita kan nuna tsakanin 12.6 da 12.8.

Duk lokacin da batir ke fitar da wuta, wani irin gishiri fari yana taruwa a jikin faifan. Idan aka mayar masa da caji da wuri, gishirin ya narke ya koma cikin ruwan, komai ya dawo daidai. Idan kuwa aka bar shi makonni a haka, gishirin sai ya daskare ya yi tauri, ya toshe wurin da ya kamata ya riƙe wuta. Daga nan ko an kwana ana masa caji, abin da zai ɗauka kaɗan ne, kuma ba ya jimawa ya zubar.

Abin lura shi ne batir yana zubar da wutarsa ko da ba a jona masa komai ba. A yanayi mai sanyi-sanyi na digiri 20 zuwa 25, yakan rasa kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a kowane wata, kuma wannan asara tana kusan ninkawa da kowane ƙarin digiri 10. A Kontagora, zafin Maris da Afrilu kan kusanci digiri 40, cikin rumfar kwano da rana tsaka kuwa ya fi haka. Batirin da zai yi wata shida a ajiye a ƙasa mai sanyi yana iya galabaita a nan cikin wata biyu ko uku.

Sannan akwai ɓarayin wuta na ɓoye. Saboda yawan satar babura, mutane da dama kan sa ƙararrawar tsaro ko na'urar bin sawu, kuma dukansu ba sa barci. Lissafin mai sauƙi ne. Batirin ƙaramin babur yakan riƙe amfiya 5 zuwa 9 na awa guda. Na'urar da ke tsotsar kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya dare da rana za ta sha amfiya 7.2 a kwana 30, wato ta ƙarar da batir mai amfiya 7 kakaf kafin albashin wata mai zuwa ya shigo.

Wani zai ce ai akwai kik. Gaskiya ne, baburan da yawa suna tashi da ƙafa ko da batir ya mutu. Amma hon da fitilar ba da hannu sukan raunana, wasu sababbin baburan ma tartsatsin filoginsu daga batir yake fitowa, don haka ba sa tashi sam. Haka nan dattijo ko matar gida da aka bar wa babur ba lallai su iya harba kik sau goma a cikin duhu ba.

Caja suna suka tara

Maganin da masu manyan babura a Turai da Amurka suka daɗe da runguma shi ne wata 'yar ƙaramar na'ura da za a iya kira cajar reno. Su hunturu ne ke sa su jingine babur na wata uku ko huɗu. A nan kuwa aiki ne ke raba mutum da baburinsa: ma'aikacin da ke Abuja, malamin makarantar horas da malamai ta tarayya da ke Kontagora da ya tafi ƙarin karatu, ko sojan da aka tura wani fagen daga barikin garin. Dalili ya bambanta, amma ciwon batirin iri ɗaya ne.

Akwai caja iri uku da ya kamata a rarrabe. Ta farko ita ce babbar cajar da ake gani a shagunan masu cajin batir, wadda aka yi domin batirin mota, tana tura amfiya 10 ko fiye. Ƙa'idar da masu ƙera batir suka saba bayarwa ita ce kada a wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batirin, wato kimanin amfiya 0.7 ga mai amfiya 7. Ɗora ƙaramin batir a kan cajar mota na awa guda domin a yi sauri yana dumama shi, ya tafasa ruwansa, ya lanƙwasa faifansa. Babur zai tashi a ranar, amma an rage wa batirin kwana.

Ta biyu ita ce tsohuwar caja mai ɗigo, wadda ke tura wuta kaɗan-kaɗan ba tare da sanin ko batir ya cika ba. Tana da amfani na kwana ɗaya ko biyu, amma idan aka bar ta makonni sai ta ƙafar da ruwan batirin.

Ta uku, cajar reno, tana da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke auna batirin a kai a kai. Takan tura wuta, yawanci tsakanin amfiya 0.75 da 1.25, har batir ya kai kusan bolt 14.4. Daga nan sai ta sassauta ta riƙe shi a tsakanin 13.2 da 13.8, ko ta tsaya cak, ta dinga leƙawa, ta ƙara kaɗan idan ta ga ya sauka. Wannan ne ya sa ake iya barinta a jone na tsawon watanni. Daga cikin sanannun masu ƙera ta akwai Battery Tender ta Amurka, da CTEK ta Suwidin, da OptiMate ta Beljiyam, ko da yake akwai wasu da dama masu sauƙin kuɗi da ke aiki a kan wannan tsari.

Abin da ba ta iyawa shi ne tayar da matacce. Batirin da gishirinsa ya riga ya daskare ya tafi, kuma wasu cajojin ma ba sa fara aiki idan ƙarfin batirin ya faɗi ƙasa sosai. Ranar da ta dace a jona ta ita ce ranar da aka jingine babur, lokacin da batir ke da ƙoshin lafiya.

Batun wuta

Tambayar da kowa zai yi ita ce: ina wutar take? Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, har ake mata kirari da jihar wutar lantarki, amma mazauna garuruwanta sun san cewa kirari daban, abin da ke zuwa a waya daban. Kontagora na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC, kuma a tsarin rukunai da hukumar NERC ta shimfiɗa, 'yan rukunin A ne kaɗai aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, yayin da 'yan rukunin E ke da awa 4.

A nan akwai labari mai daɗi. Renon batir ba ya buƙatar wuta ta dindindin. Ko da zafi ya sa batir mai amfiya 7 yana rasa kashi 15 cikin 100 a wata, abin da ya zube bai fi amfiya 1 da ɗoriya ba, kuma caja mai amfiya 0.75 za ta mayar da shi cikin kamar awa biyu. Wutar 'yan sa'o'i a mako ta wadatar. Kuɗin ma ba wani abu ba ne: na'urar da ke shan wat 2 ba dare ba rana, yunit ɗaya da rabi kawai za ta ci a wata.

Inda gizo ke saƙar shi ne ingancin wutar da kuma halin cajar. Abubuwa uku ya kamata mai saye ya tabbatar. Na farko, cajar ta kasance mai ci gaba da aiki da kanta idan an ɗauke wuta an dawo da ita, domin akwai waɗanda sai an danna maɓalli kafin su sake farawa, irin waɗannan kuwa ba su da amfani a gidan da mai shi ba ya nan. Na biyu, kada ta zama mai tsotse batir a lokacin da babu wuta. Na uku, a duba rubutun da ke bayanta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Hadiman da ke rakiyar iyayen gidansu zuwa ƙetare, ko masu yin odar kaya ta intanet, sukan faɗa wannan rami: cajar da aka yi domin kasuwar Amurka kaɗai za ta ƙone a jonawar farko. Wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240 ita ce ta fi jure hawa da saukar wutar nan, kuma ya fi kyau a jona ta ta bayan na'urar kariya daga wuta mai ƙarfi, irin wadda ake sa wa firji.

Gidan da ke da inbata da sola ya huta, sai dai a ware wa cajar soket guda. Wanda ba shi da su yana iya sayen ƙaramin faifan sola mai wat 5 zuwa 10, a kafa shi a kan rufi, a jawo waya zuwa babur. Sharaɗinsa shi ne a haɗa da 'yar na'urar da ke tsayar da caji idan batir ya cika, domin ranar Kontagora tana da ƙarfin da za ta dafa ƙaramin batir idan aka jona faifan kai tsaye.

Kurakuran da aka gada

Mafi yaɗuwa shi ne a bar wa ƙane saƙo ya dinga tayar da babur kowace Juma'a ya bar shi yana ƙugi na minti biyar. Sitata tana jan wuta mai yawa a lokaci guda, injin da ke tsaye kuwa cajin da yake mayarwa kaɗan ne, don haka sau da yawa abin da aka cire ya fi abin da aka mayar. Idan har za a tayar, to a hau shi a yi tafiya ta minti 20 zuwa 30. Babur ɗin da ake wa haka mako-mako, kuma na'urar cajinsa lafiya lau, ba ya buƙatar wata caja.

Na biyu shi ne ƙara asid idan ruwan batir ya yi ƙasa. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid ɗin yana nan, saboda haka tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa zuwa layin sama. Ruwan rijiya ko na famfo ko na leda yana ɗauke da ma'adinan da ke lalata faifai. Batirin da aka rufe ruf daga kamfani kuwa ba a buɗe shi.

Na uku shi ne ɗaukar kowane batir a matsayin ɗaya. Batirin litiyam, mai sauƙin nauyi, yana buƙatar cajar da aka yi dominsa, kuma cajar dalma mai tsarin fasa gishiri da wuta mai ƙarfi tana iya lalata shi.

Ƙaramar mita ta masu gyaran wayoyi, waɗanda aka fi sani da riwaya, tana raba gardama. Batirin da ya huta na 'yan sa'o'i ya nuna 12.6 ko fiye, lafiyarsa ƙalau. Idan 12.4 ne, ya rasa kusan rubu'i, ya kamata a yi masa caji. A 12.2 saura rabi. Ƙasa da 12 kuwa yana bakin rami. Idan aka tayar da inji aka ɗan ba shi wuta, mitar ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, to babur yana ciyar da batirinsa yadda ya kamata. In ba haka ba, matsalar tana jikin babur, kuma sabon batir ma haka zai mutu. Da wannan mitar ake gane jabun caja: bayan kwana guda a jone, idan ƙarfin bai sauko ƙasa da 14 ba, ga kuma batir yana ɗumi, to caja mai ɗigo ce aka yi wa kwalliya. Araha ba ta ado.

A gidan da akwai yara

Barin na'ura a jone na watanni a gidan iyali yana da nasa sharuɗɗan. Batirin da ke caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi kaɗan ke kunnawa, don haka wurin ya zama mai shan iska, nesa da murhu da risho da jarkar fetur, kuma ba ɗakin kwana ba. Jan kai na caja ake fara maƙalawa a kan batir mai alamar tarawa, sannan baƙin a ɗaya kan ko a jikin ƙarfen babur, daga ƙarshe a jona a soket. Wajen cirewa a fara da soket. Wayar da ke zuwa batir ta kasance da fis, a kuma ɗaga cajar daga ƙasa saboda ruwan damina da ɓeraye da hannun yara. Ya kamata a samu babba guda a gida da ya san kalar fitilar da ke nuna lafiya, da wadda ke nuna a zare.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, akwai hanyar da ba ta cin ko kwabo. A yi wa batir caji ya cika, a kwance wayar baƙin kai, ko a cire batirin gaba ɗaya a ajiye shi a wuri mafi sanyi a gidan, a kuma ba shi caji mai sauƙi sau ɗaya a wata ko wata ɗaya da rabi. Illarta guda ce: ƙararrawa da na'urar bin sawu za su daina aiki, kuma ranar gaggawa sai an nemi sifana kafin a tashi. Kowane gida zai auna wanda ya fi masa. Haka kuma kada a manta da fetur, domin wanda ya daɗe a kafireta yakan bushe ya bar danƙo da ke toshe hanyar mai. Rufe makunnin mai a bar inji ya ƙone abin da ya rage yana hana wannan.

Inda mataccen batir ke zuwa

Tsawaita ran batir yana da wata fa'ida da ta wuce aljihu. Kowane mataccen batir dalma ce da asid. Mutanen wannan yanki ba baƙin gubar dalma ba ne: a 2015 ta hallaka yara 28 a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Rafi, bayan wadda ta ci ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Haƙar zinare ce ta jawo waɗancan, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan gubar, kuma yara ta fi yi wa illa, musamman a ƙwaƙwalwa. A 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a ƙarƙashin hukumar NESREA, domin tsara yadda ake tattara tsofaffi da sarrafa su. A matakin gida, abin da ya wajaba shi ne kada a fasa tsohon batir, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida ko kusa da rijiya, kada kuma a bar yara su mayar da shi abin wasa. A mayar da shi cikakke ga dillalin da ke karɓar tsoho a madadin ragi.

Batirin da aka rena yana iya kai shekara biyu zuwa uku, wani ma ya wuce, yayin da wanda aka bari ya zube sau biyu ko uku da ƙyar ya ga shekara. Bambancin kan fito ne daga abin da aka yi a daren ƙarshe na hutu, lokacin da hankali ya koma kan motar asuba da aikin da ke jira a Abuja. Minti goma sun isa a auna batir, a duba ruwansa, a rufe mai, a jona caja ko a kwance waya, sannan a nuna wa wanda aka bar wa amanar gida abin da zai dinga dubawa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren da za a buƙaci babur ɗin da gaggawa ba ya sanarwa kafin ya zo.